Sai Baba na Shirdi: Musulmi ne ko Hindu, kuma ina gaskiyar karamomin da ake jingina masa?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin hoton wani dattijo mai farin gemu da ƙyalle ɗaure a kansa a finafinan Indiya da shagunan Indiyawa, ana kiransa Sai Baba. Wani ya ce mini waliyyin 'yan Hindu ne, wani kuma ya ce asalinsa Musulmi ne, a masallaci ma ya yi rayuwarsa. Mene ne gaskiyar asalinsa, kuma abubuwan al'ajabin da ake cewa ya yi suna da tushe?

Amsa: Malam, da farko ya kamata mu raba mutum biyu da ake yawan haɗawa. Wanda ka siffanta shi ne Sai Baba na Shirdi, wanda ya rasu ranar 15 ga Oktoba, 1918, a ƙauyen Shirdi na gundumar da a lokacin ake kira Ahmednagar, cikin jihar Maharashtra ta yau a yammacin Indiya. Ɗayan, mai tulin gashi da riga ruwan goro, shi ne Sathya Sai Baba na garin Puttaparthi, wanda aka haifa a 1926 ya rasu a 2011, kuma shi ne ya yi da'awar cewa ran na farkon ne ya dawo duniya a jikinsa. Sunan kuwa ba shi da wata alaƙa da kirarin siyasar nan da muka sani a gida, dacewar lafazi ce kawai. Maganarmu a kan na Shirdi take.

Duk wanda ya ce maka ya san ranar haihuwar wannan mutum, ko sunan iyayensa, ko addinin da aka haife shi a ciki, to ya faɗi abin da hujja ba ta kai shi ba. Abin da mai bincike zai iya yi shi ne abin da malaman hadisi suke yi da isnadi, wato ya tambayi wane ne ya faɗa, yaushe ya faɗa, da idonsa ya gani ko ji ya yi, kuma mene ne ra'ayinsa tun kafin ya buɗe baki. Idan aka bi wannan hanya a kan Sai Baba, sai a ga wani abu mai ban mamaki: gwargwadon yadda labari ya yi nisa da zamanin rayuwarsa, gwargwadon yadda yake ƙara cika da sunaye da ranaku, kuma yake ƙara karkata wajen maida shi cikakken ɗan Hindu.

Tushen da kusan kowa yake komawa gare shi shi ne littafin Shri Sai Satcharita, wanda Govind Raghunath Dabholkar, wani ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, ya rubuta a waƙe cikin harshen Marathi, babi 53. Dabholkar ya fara zuwa Shirdi ne a 1910, wato shekara 8 kacal kafin rasuwar Baba, alhali Baba ya riga ya shafe gomman shekaru a ƙauyen. Almajiri ne da ya sallama gaba ɗaya, Brahmin ne, wato ɗan ajin malaman addinin Hindu na gado, kuma ya rubuta littafin domin ibada da ƙarfafa imanin mabiya. Duk da haka, a kan maganar asali ya yi adalci, domin ya faɗa a fili cewa babu wanda ya san iyayen Baba ko garin da aka haife shi, kuma an sha tambayarsa ba a samu amsa mai gamsarwa ba. Bayan wannan akwai kundin da lauya G. S. Khaparde na Amravati, abokin gwagwarmayar Bal Gangadhar Tilak, jagoran neman 'yancin Indiya, ya riƙa rubutawa kullum lokacin zamansa a Shirdi tsakanin 1910 da 1912. Wannan kundi yana da daraja ta musamman saboda a ranar da abu ya faru ake rubuta shi, kuma mai karanta shi zai ga dattijo mai saurin fushi wani lokaci, mai raha wani lokaci, mai yawan ba da labarai masu harshen damo waɗanda na kusa da shi ma ba sa gane inda suka dosa. Sai kuma littafin rubutun Abdul, wani hadiminsa Musulmi da ya zo Shirdi wajen 1889 ya zauna yana shara da kunna fitilu, yana rubuta abin da ya ji daga bakin Baba da harshen Urdu. Na ƙarshe shi ne B. V. Narasimhaswami, lauya daga kudancin Indiya, wanda bai taɓa ganin Baba ba. A 1936 ya zo ya tattara shaidar tsofaffin almajirai, sannan ya zama babban mai yaɗa sunansa a faɗin ƙasar.

Abin da waɗannan majiyoyi suka yi tarayya a kansa kaɗan ne. Wani saurayi baƙo ya bayyana a Shirdi yana zaune ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ba ya shiga gidan kowa, daga baya ya ɓace. Ya sake dawowa tare da 'yan rakiyar ango daga ƙauyen Dhupkhed na yankin Aurangabad, a ayarin wani Musulmi da ake kira Chand Patil. Da suka sauka kusa da ɗakin bautar Khandoba, ɗaya daga allolin Hindu na yankin, mai kula da wurin, Mhalsapati, ya tarbe shi da sunan "Sai", laƙabin da ake yi wa faƙirai masu yawon Allah, kuma sunan ya bi shi har mutuwa. Wasu sun sa wannan dawowa a 1858, wasu sun kai ta har 1872. Shekarar 1838 da ake yawan rubutawa a matsayin shekarar haihuwarsa lissafi ne aka yi da baya daga kintacen shekarunsa a ranar da aka fara ganinsa, babu wata takarda a bayanta.

Labarin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne cewa an haife shi a garin Pathri a gidan Brahmin, aka miƙa shi ga wani faƙiri Musulmi yana jariri, daga baya ya koma hannun wani malamin Hindu mai suna Venkusa a garin Selu. Wannan labari yana da ɗan tushe, domin an ruwaito cewa Baba ya faɗa wa Mhalsapati kusan haka a ƙarshen rayuwarsa, kuma yakan tambayi baƙi labarin mutanen Pathri. Matsalar ita ce mutumin da yake cewa daga Pathri yake shi ne kuma yake ba da labarin abin da ya yi a rayuwoyin da suka gabata ɗaruruwan shekaru, har an ruwaito yana cewa ya kasance cikin rundunar sarauniyar Jhansi a tawayen da Indiyawa suka yi wa Turawan Ingila a 1857. Ba a iya ɗaukar ɗaya a matsayin tarihi a bar sauran a matsayin ishara sai da dalili. Bugu da ƙari, Das Ganu, tsohon ɗan sanda da ya koma mawaƙin yabon Baba, ya ce Venkusa shi ne Gopalrao Deshmukh, hakimin Selu, amma binciken baya ya nuna wannan hakimi ya rasu tun farkon ƙarni na 19, kafin a haifi wanda aka ce almajirinsa ne. A 1975 wani mai bincike, V. B. Kher, ya je Pathri ya fito da ra'ayin cewa Baba ɗan gidan Bhusari ne da ya bar gida yana yaro. Hasashe ne mai ma'ana, amma ya dogara ne a kan tunanin jikoki bayan fiye da shekara 100. Sathya Sai Baba kuwa ya zo da sunan uwa da uba da ranar haihuwa, hujjarsa kawai ita ce wai shi ne mutumin.

Akwai wata ruwaya da Narasimhaswami ya kawo wadda ta fi dukkan waɗannan nuna halin mutumin. An kama wani da kayan ado na sata ya ce Baba ne ya ba shi, kotun Dhulia ta aiko wakili ya ɗauki jawabinsa. Da aka tambaye shi sunansa, ya ce ana kiransa Sai Baba. Addininsa, ya ce Kabir, yana nufin mawaƙin nan masaƙi na ƙarni na 15 wanda ya caccaki malaman Hindu da na Musulmi baki ɗaya. Ƙabilarsa, ya ambaci ɗaya daga sunayen Ubangiji da harshen Farisa. Shekarunsa, ya ce ɗaruruwan dubbai. Ko da an yi wa ruwayar kwaskwarima, ta dace da sauran shaidu: da gangan yake ƙin amsa wannan tambaya.

To, idan asali ya ɓuya, sai a dubi yadda ya rayu. Ya zauna a wani tsohon masallaci da ya fara rushewa, ya kuma laƙaba masa sunan Hindu, Dwarkamai. Yana sa doguwar riga irin ta faƙirai da ƙyalle a ka, yana bara a 'yan gidaje ƙalilan da ya saba, yana shan taba a lofe na yumɓu. Kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce "Allah Malik", wato Allah ne mai mulki, kuma yakan kira kansa bawan Allah. Yana cin nama, yakan dafa abinci a babbar tukunya ya sa a karanta Fatiha kafin a raba, yana sa Abdul karatun Alƙur'ani a gabansa, kuma rubutun Abdul cike yake da maganar ɗariƙun sufaye da silsilar shehunai. A ɗaya ɓangaren, ruwayoyi ba su nuna yana tsayar da salloli biyar yadda shari'a ta tsara ba, yana da wuta da ba ta mutuwa a cikin masallacin, ya bar 'yan Hindu suna kaɗa ƙararrawa da busa ƙaho a wurin suna shafa masa turaren sandal, yana umartar wasu da karanta littattafansu na Ramayana da Gita, har an ruwaito ya yi wa Nanasaheb Chandorkar, wani babban jami'in gwamnati, sharhin wani baiti na Gita. Dabholkar ya ce kunnuwansa hudaddu ne irin na 'yan Hindu. A kan kaciya kuwa ruwayoyin almajiran sun saɓa wa juna, kowa da abin da ya ce ya gani. Bikin shekara da aka fara a Shirdi a 1897 da sunan Urs, irin wanda Musulmin Indiya suke yi a hubbaren waliyyai, an haɗe shi da bikin haihuwar Rama a 1912, da yardarsa.

Wanda bai san yankin Dekkan ba, wato tsaunin tsakiyar kudancin Indiya da Shirdi take cikinsa, zai ga wannan kamar hauka ko yaudara, amma a can ba sabon abu ba ne. Pathri da Selu da Aurangabad duk suna ƙarƙashin Nizam, sarkin Musulmi na Hyderabad, a lokacin, kuma garin Khuldabad da ke kusa cike yake da kaburburan shehunan Chishtiyya tun ƙarni na 14. A wannan ƙasa an daɗe ana samun faƙirai Musulmi masu zama gaban wuta kamar yadda masu zuhudun Nath na Hindu suke yi, da mawaƙan Marathi Musulmi irin su Shaikh Muhammad na Shrigonda waɗanda 'yan Hindu suke girmamawa. Masaniya Marianne Warren, wadda ta yi nazarin rubutun Abdul, ta kafa hujja a 1999 cewa Sai Baba sufi ne da almajiransa suka lulluɓe da rigar Hindu. Antonio Rigopoulos na Italiya ya fi jaddada cakuɗuwar al'adun biyu a jikinsa. A ganina Warren ta yi daidai a kan tarbiyyarsa: harshensa da suturarsa da mazauninsa duk na faƙirin Musulmi ne, mai kama da wanda sufaye suke kira majazubi, kuma mutanen Shirdi na farko haka suka ɗauke shi, har suna kiransa mahaukacin faƙiri, yara suna jifansa. Abin da hujjarta ba ta kai ba shi ne gidan da aka haife shi, kuma ba ta kore cewa a shekarunsa na ƙarshe ya karɓi bautar da ake yi masa bayan ya daɗe yana ƙinta.

Karamomin da ake jingina masa suna da yawa, kuma ba darajarsu ɗaya ba ta fuskar shaida. Mafi shahara shi ne na fitilu. An ce yakan roƙi mai a wajen 'yan kasuwar ƙauyen domin kunna fitilun aci-bal-bal a masallaci, wata rana suka haɗa baki suka hana shi, sai ya zuba ruwa a gwangwanin da ke da ɗan ragowar mai, ya kurɓa ya mayar, ya cika fitilun da shi, suka ci har gari ya waye. Masu shakka suna cewa mai yana tasowa saman ruwa, lagwanin da ya jiƙu da mai kuma zai ci na ɗan lokaci. Wannan bayani zai iya ɗaukar minti kaɗan, ba zai ɗauki dare guda ba. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa ya zauna ya ga daren gaba ɗaya. Abin ya faru shekaru masu yawa kafin zuwan Dabholkar, ba a rubuta shi a lokacin ba, kuma ya iso gare mu bayan ya daɗe yana yawo a bakin mutanen da suka riga suka yi imani. Haka labarin 1886 yake, inda aka ce numfashinsa ya tsaya kwana 3, Mhalsapati ya hana a binne shi, sannan ya farfaɗo. Babu likita a wurin, an ce yana fama da ciwon asma a lokacin, kuma an rubuta labarin bayan kusan shekara 40. Labaran da ke cewa an gan shi ya rarraba gaɓoɓinsa ko ya fito da hanjinsa ya wanke ya shanya sun fi waɗannan rauni, domin irinsu ake ba da wa masu zuhudu da dama a Indiya, Hindu da Musulmi, kusan da lafazi ɗaya.

Akwai waɗanda marubucin ya gani da idonsa, kuma su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. Dabholkar ya buɗe littafinsa da cewa wata safiya ya tarar da Baba ya shimfiɗa buhu a masallaci yana niƙa alkama a dutsen niƙa na hannu. Mata huɗu suka karɓe shi suna niƙa suna waƙa, suna zaton garin nasu ne tunda Baba ba ya tuya, sai ya daka musu tsawa ya ce su kai garin su barbaɗa a iyakar ƙauye. Mutane suka ce wa Dabholkar annobar kwalara ce Baba ya niƙe, kuma daga nan cutar ta lafa. Babu dalilin ƙaryata cewa an yi niƙan, an kuma barbaɗa garin. Abin da ba a iya tabbatarwa shi ne alaƙar wannan da lafawar cutar, domin kwalara takan taso ta yi ɓarna ta sauka da kanta idan yanayi ya sauya ko aka bar gurɓataccen ruwa, kuma babu wanda ya ƙirga masu mutuwa kafin ranar da bayanta. Wani abin lura shi ne littafin nan dai ya kawo cewa a wata annobar dattawan ƙauye sun hana shigo da amalanken itace da yanka akuya, Baba ya karya dokar yana ganinta camfi ce.

Haka abin yake game da ɗan Khaparde da ya kamu da zazzaɓin annobar ɓeraye, wadda ta addabi yankin Bombay tun 1896: an ce Baba ya ɗaga rigarsa ya nuna wa uwar yaron kaluluwa a jikinsa, ya ce ya ɗauke wa ɗanta ciwon. Yaron ya warke, amma ko a wancan zamani ba duk wanda ya kamu ne yake mutuwa ba. Labarin da ya sa hannu a wuta a 1910, ya ce ya ceto jaririn matar wani maƙeri da ya faɗa cikin wutar maƙera a wani gari mai nisa, yana da ɓangaren da mutane suka gani, wato ƙunar hannun, wadda wani kuturu mai suna Bhagoji Shinde ya riƙa yi wa magani, da ɓangaren da Baba kaɗai ya faɗa. Mafi yawan sauran shaidun na warkewa ne ta hanyar tokar wutarsa da ake kira udi, da samun haihuwa, da cin shari'a, da mafarki. A nan matsalar zaɓe take: wanda ya warke shi yake dawowa ya ba da labari, wanda ya mutu ba a buɗe masa babi. Yana da kyau a san cewa a shekarunsa na farko Baba yana ba da magungunan gargajiya ne kamar kowane mai magani, daga baya ya koma toka kaɗai. Bambancinsa da Sathya Sai Baba a nan babba ne, domin shi na biyun ya yi zamani da kyamara, kuma a 1976 shugaban Jami'ar Bangalore, H. Narasimhaiah, ya nemi ya yarda a gwada shi a gaban kwamiti, bai amsa ba. Na Shirdi babu wanda ya gwada shi, saboda haka tarihi ba shi da hanyar tabbatarwa ko rushewa, sai dai auna ƙarfin ruwaya.

Abin da shaidu masu yawa suka haɗu a kansa, har da waɗanda ba su zo da niyyar yabo ba, shi ne halinsa da kuɗi. A shekarun ƙarshe yakan nemi sadaka daga baƙi kai tsaye, wani lokaci har ya ƙare abin da ke aljihun mutum, abin da ya jawo masa suka tun yana raye. Amma kafin dare yakan rabar da abin da ya tara, kuma da ya rasu 'yan rupi kaɗan aka samu a wurinsa.

Idan tambayarka ta ƙunshi hukuncin addini, to wannan fage ne na malaman aƙida, kuma ƙa'idarsu sananniya ce: saɓa wa al'ada kaɗai ba ya nuna walittaka, domin akwai karama akwai istidraji, ma'aunin kuma shi ne bin shari'a. Yawancin malaman Musulmi na Indiya ba su lissafa shi cikin shehunansu ba saboda sujada da bautar da aka yi masa a gabansa, ko da yake talakawan Musulmi da dama sun ci gaba da ziyartar kabarinsa.

Rikicin asalinsa ya fito fili tun gawarsa ba ta yi sanyi ba. Ya rasu ranar bikin Dasara na Hindu, wadda ta faɗo cikin kwanaki goman farko na Muharram. Musulmi suka nemi a binne shi a fili a gina masa hubbare, 'yan Hindu suka nemi a sa shi a wani katafaren gidan dutse da attajirin Nagpur, Gopalrao Buti, ya gina da niyyar ajiye gunkin Krishna. Gawar ta yi kusan awa 36 ana jayayya kafin masu rinjaye su yi nasara a binne shi a gidan Buti. Binnewar ba ta raba gardama ba, domin 'yan Hindu ma ba sa ƙona gawar manyan masu zuhudunsu. Abdul ya ci gaba da kula da kabarin yadda ake kula da na waliyyi, har 1922 lokacin da kotu ta miƙa wurin ga kwamitin amintattu wanda 'yan Hindu masu ilimin zamani suka fi yawa a ciki. A 1954, shekarar da Abdul ya rasu, aka kafa mutum-mutumin farin dutse a kan kabarin, aka ci gaba da yi masa wanka da sutura da waƙoƙin bauta kamar sauran allolin Hindu. Finafinan Indiya na 1977, ciki har da Amar Akbar Anthony da 'yan kallo a Kano suka sani sarai, sun kai hotonsa ko'ina a matsayin mai haɗa kan addinai. Yau Shirdi tana cikin wuraren ziyara mafi arziki a Indiya, dubun dubatar mutane suna zuwa kullum, an buɗe mata filin jirgin sama a 2017.

Inda kuɗi da ziyara suka taru, maganar asali takan zama maganar tattalin arziki. A Janairun 2020 gwamnatin Maharashtra ta Uddhav Thackeray ta ware rupi biliyan 1 domin raya Pathri a matsayin mahaifar Baba, mutanen Shirdi suka rufe kasuwanni suna cewa babu wanda ya san inda aka haife shi. Daga wani ɓangaren kuma, a 2014 Swami Swaroopanand Saraswati, Shankaracharya na Dwarka, wato ɗaya daga manyan shugabannin addinin Hindu, ya fito ya ce Sai Baba Musulmi ne mai cin nama, bai halatta ɗan Hindu ya bauta masa ba, aka kira taron malaman Hindu a garin Kawardha suka goyi bayansa, mabiya Baba suka yi zanga-zanga suka shigar da ƙara. A Oktoban 2024 wata ƙungiya ta cire gumakansa daga ɗakunan bauta da dama a Varanasi. Hujjojin da waɗannan masu tsattsauran ra'ayi suke kawowa, wato masallacin da rigar da naman da ambaton Allah, su ne dai hujjojin da Warren ta tattara domin ta nuna sufancinsa, kuma mafi yawansu suna nan a cikin littafin Dabholkar da mabiyansa 'yan Hindu suke saukewa cikin mako guda domin neman albarka.